Ahmed Musa a Leicester: Tsakanin Kirari da Sharhi

 Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar adabi da ƙwallon ƙafa. To, abin da ya haɗa su shi ne labari, da kuma yadda mu Hausawa muke bayar da shi idan gwaninmu ya faɗi.

Ina yaro a nan Wudil, cikin watan Agusta na 2016, muka cika gidan kallo maƙil don ganin Ahmed Musa a rigar Leicester City. Wasan sada zumunta ne da Barcelona. An ci Leicester 4 da 2, amma duka biyun nan Musa ne ya zura su. Ranar nan sai ka rantse garinmu ne ya ci kofi. Ai dole: yaron da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, ya je Holan, ya ɗauki gasar Rasha sau uku da CSKA Mosko, ga shi zakarun Ingila sun saye shi wajen fam miliyan 16, kuɗin da ba su taɓa biya a kan kowa ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ƙwallo biyu rak ya ci a gasar Firimiya, ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ta Tottenham, duk a Oktoban 2016. Ya ƙara biyu a kan Everton a kofin FA cikin Janairun 2017. Daga nan sai benci. A Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro, a Agusta kuma aka sayar da shi ga Al-Nassr ta Saudiyya.

Yanzu ga inda nake da ja. Har yau, in ka tayar da zancen nan a teburin mai shayi, amsa ɗaya za ka ji: wai Turawa ne ba sa son baƙar fata, ko kuwa koci ne ya sa masa ƙahon zuƙa. Wannan salon maroƙa ne. A wurin maroƙi gwarzo ba ya kasawa, sai dai magauta su yi masa ƙulli. Salon yana da daɗin ji, ni ma ina son sa a bakin makaɗi, amma ba ya jure tambaya. Ba na musun akwai wariya a ƙwallon Turai. Sai dai kyaftin ɗin ƙungiyar nan a lokacin, Wes Morgan, baƙi ne. Wilfred Ndidi, ɗan ƙasarmu, ya zo daga Beljiyam a Janairun 2017, bai daɗe ba ya kama gurbinsa daram. Kuma koci uku Musa ya gani, wato Ranieri da Shakespeare da Puel. Duk ukun ne suka haɗa baki?

A ganina, Leicester ta sayi abin da take da shi ne. Makamin Musa gudu ne, a wurga masa ƙwallo bayan 'yan baya ya bi ta. To, wannan shi ne aikin Jamie Vardy, kuma ba wanda zai zaunar da Vardy a lokacin. Sai aka riƙa tura Musa gefe, yau dama gobe hagu. Ba a yi wata biyu da zuwansa ba suka sayo Islam Slimani na Aljeriya da kuɗin da ya fi nasa. N'Golo Kanté kuwa, mai ƙwato ƙwallon da ake kai farmakin gaggawa da ita, ya riga ya koma Chelsea. Abokan hamayya kuma sun farga, sun daina buɗe bayansu. Ina amfanin doki mai gudu a cikin kasuwar Juma'a ta Wudil?

Nan ne kuma laifin gwanin namu yake, in za mu faɗi tsakani da Allah. Idan fili ya ƙuntata, aka matse shi, tarbar ƙwallonsa takan yi nisa da ƙafa, kuma ba shi da ƙirar da zai juya wa gola baya ya riƙe ta har 'yan'uwansa su iso. Faɗin haka ba cin fuska ba ne.

Masu kirari sukan kawo wasan Iceland na gasar duniya ta 2018 a matsayin hujja, wai ga wanda aka wulaƙanta ya ci biyu. Ni kuwa ina roƙonsu su sake kallon ƙwallayen nan. Ta farko farmakin gaggawa ce, Victor Moses ya kawo masa. Ta biyu doguwar ƙwallo ce daga baya, ya tsere wa mai tsaronsa, ya kewaye gola. Duk biyun akwai fili a gabansa, irin filin da ya daina samu a Ingila tun kafin ya gama kwance kayansa.