Fagen Daga a Bakin Mawaƙi: Tarken Waƙoƙin Yaƙin Basasar Nijeriya da Kunnen Ɗalibin Briqueterie

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa da ya tashi a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde yana da wata dama wadda takwaransa na Kano ko Zariya bai samu ba, idan aka zo nazarin waƙoƙin yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970). Harshen waƙoƙin nasa ne, amma ƙasar da aka yi yaƙin dominta ta maƙwabta ce. Idan mawaƙi ya ce "mu", ɗalibin Kano yakan shige cikin wannan wakilin suna ba tare da ya ankara ba. Na Briqueterie kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya, su wa ke nan? Wannan tambaya ce mafarin tarke.

Sunan unguwar Faransanci ne, yana nufin wurin gasa bulo, 'yan ƙasa Ewondo kuwa suna kiran wurin Ekoudou. Fatake Hausawa sun zauna a Yawunde tun zamanin Jamusawa, kuma har yau an san Briqueterie da babban masallacinta, da teloli da masu sayar da yadi, da tsiren da mutanen gari ke kira "soya". Hausarta tana gogayya da Fulatanci da Faransanci kullum. Wannan takarda za ta ɗora waƙoƙin yaƙin a kan tarihin gwabzawar da aka yi, don a ga abin da salon yabo ke iya ɗauka da abin da yake zubarwa a hanya.

2.0 Yadda Yaƙin Ya Gudana

Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, kwana uku bayan Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12. An fara harbi ranar 6 ga Yuli a Gakem, kusa da Ogoja. Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangaro daga arewa, ta ci Nsukka a watan Yuli, ta shiga Inugu ranar 4 ga Oktoba. Kafin nan sojojin Biyafara sun tsallaka Kwara ranar 9 ga Agusta, sun mamaye Yamma ta Tsakiya har suka kai Ore, abin da ya sa aka kafa Runduna ta Biyu cikin gaggawa aka ba Murtala Muhammad, ya kore su daga Binin a watan Satumba. Ta teku kuma Benjamin Adekunle ya ci Bonny da Kalaba a 1967, sannan Fatakwal a watan Mayun 1968, ya toshe wa Biyafara hanyar ruwa. Umuahia ta faɗi a Afrilun 1969. Philip Effiong ya miƙa wuya a Ikko ranar 15 ga Janairu 1970, bayan Ojukwu ya fice zuwa Kodibuwa.

Wanda ya karanta wannan jeri zai ga kamar tafiya ce miƙaƙƙiya, gari bayan gari. Haka kuma waƙar zuga take son a gan ta.

3.0 Gadon da Mawaƙan Suka Taras

Mawaƙan wannan yaƙi ba su ƙagi sabon salo ba, sun tarar da turmi da taɓarya a ajiye. Akwai kirarin barade da kiɗan yaƙi na fada. Akwai waƙoƙin masu jihadi, irin wadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi da Larabci kan gwabzawar Tabkin Kwatto ta 1804, da ta Nana Asma'u kan Gawakuke ta 1836. Akwai kuma "Maraba da Soja" ta Sa'adu Zungur, wadda aka yi wa sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙin basasa ya zo, Aƙilu Aliyu ya rubuta "Jiki Magayi" (kada ɗalibi ya rikita ta da littafin zube na John Tafida mai wannan suna), Ɗanmaraya Jos kuma ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa sojan tarayya waƙoƙi. Graham Furniss ya yi rubutu a kan waƙoƙin wannan yaƙi a 1991.

Tubalan ginin wannan gado biyu ne, yabo da zambo, kuma kowanne yana bukatar mutum guda mai suna. Ba a yi wa bataliya kirari yadda ake yi wa barde. Saboda haka yaƙin da aka yi da dubban ɗaruruwan mutane sai ya tattaru a kan 'yan sunaye: Gowon, Hassan Usman Katsina, Shuwa, Murtala, Adekunle a gefe guda, Ojukwu shi kaɗai a ɗaya gefen. Har a bakin talakawa ana jin tasirin wannan, inda dattawa da yawa ke cewa "yaƙin Ojukwu". Ta fuskar fasaha wannan tattarawa ita ce ƙarfin waƙoƙin. Mai sauraro ba ya iya riƙe taswira a ka, amma yana iya riƙe zaki da kura. Dabbantarwa da kambamawa da jeranta sunayen garuruwa suna ba waƙa gudu, kuma kurtun da aka ɗauko daga kasuwa aka ba shi horon 'yan makonni yana bukatar wannan gudu fiye da bayani. Manazarcin da ya raina waƙar zuga don ba ta zama littafin tarihi ba, ya auna ta da mudun da ba nata ba.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, an wayi gari mutane da yawa ba su san yaƙin ta wata kafa ba sai ta waɗannan waƙoƙi.

4.0 Tsakanin Asaba da Abagana

Babu inda ya fi dacewa a gwada salon yabo kamar tafiyar Runduna ta Biyu daga Oktoban 1967 zuwa Maris na 1968. Sojojin Biyafara da suka ja da baya sun karya gadar Kwara. Murtala ya iso Asaba, Anaca tana tsallake yana hangen ta. Hedikwatar soja a Ikko ta ba shi shawarar ya zagaya ta tudu, shi kuwa ya zaɓi ya tsallaka da jiragen ruwa kai tsaye. Ayarin farko ya shiga Anaca, aka mayar da shi da mummunar asara. Aka sake gwadawa, aka sake komowa. Daga ƙarshe dole aka bi shawarar farko, aka haye ta Idah, aka gangaro ta Awka, aka ci Anaca a watan Maris na 1968. Ranar 31 ga watan nan, a Abagana, Manjo Jonathan Uchendu na Biyafara ya yi wa ayarin motocin rundunar kusan 100 kwanton ɓauna. Wuta ta kama tankar mai, ta bi ayarin ta cinye.

Mai yabo yana da kalma guda da zai ba wannan labari duka: jarunta. Mutumin da ba ya ja da baya, wanda ba a hana shi abin da ya yi niyya, ai siffar barde ke nan a kirari. Halin da ya jefa matasa cikin kogi shi ne halin da kirari ke ɗaukakawa, kuma salon ba shi da wata kafa da zai raba biyun. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da zaɓen aikatau. Waƙar zuga tana son "ya ci", "ya kama", "ya kore", "ya tarwatsa", wato aikatau so-karɓau waɗanda gwarzo ne mai aikata su. Idan asara ta zo, harshe yakan koma ga wakilin suna "an" ko "aka", wanda ba ya nuna kowa: an rasa mutane, aka yi shahada. Nahawu da kansa yana ba mawaƙi mafaka.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne Asaba. Ranar 7 ga Oktoba 1967 sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza fararen hula na garin, waɗanda suka fito taron nuna goyon baya ga haɗin kan Nijeriya. Yabo ba shi da gurbin da zai ajiye irin wannan, zambo ma haka, domin zambo na abokin gaba ne, waɗannan kuwa 'yan Yamma ta Tsakiya ne da aka ce an zo ceto. Haka yunwar da ta kashe mafi yawan waɗanda suka mutu, waɗanda ƙiyasi ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2 ko fiye. Yunwa ba ta da fagen daga, ba ta da ranar da aka ci ta.

Owerri ma darasi ce a taƙaice. An ci ta a Satumban 1968, Biyafara ta yi wa birged ta 16 ƙawanya watanni, ta ƙwace garin a Afrilun 1969, ba a sake kama shi ba sai Janairun 1970. Baitin da ya jera Owerri cikin garuruwan da aka ci yana iya zama gaskiya ranar da aka rera shi, ya zama kuskure bayan wata bakwai.

5.0 Kalmomi

Ɗalibin harshe zai sami abinci mai yawa a nan. Kalmomin yaƙin dawaki, irin su barde da dakare da garkuwa da sulke da ganima, suna zaune kafaɗa da kafaɗa da na bariki: kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, kanar, bataliya, fareti. Na farko suna ba sojan zamani martabar kakanni, na biyu suna nuna inda aikin ya fito. Sunayen garuruwa ma an hausantar da su, Port Harcourt ta zama Fatakwal, Onitsha ta zama Anaca, kuma wannan yana sauƙaƙa wa marubuci amsa-amo da karin waƙa.

Akwai kalmar da ke bukatar taka-tsantsan, wato "Inyamuri", wadda ake cewa ta samo asali daga jimlar Ibo mai ma'anar "ba ni ruwa". Yawancin Ibo suna jin ta a matsayin cin fuska. Duk inda ɗalibi ya ci karo da ita, ya duba ko zambon yana kan shugaban tawaye ne ko ya zarce zuwa kan al'umma, domin nan ne ake gane mawaƙin da ya riƙe linzaminsa.

Ita kanta "basasa" tsohuwa ce a tarihin Hausa. Da ita ake kiran yaƙin Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukur da Yusufawa, rikicin 'yan gida ɗaya. Kiran yaƙin 1967 da wannan suna ya riga ya yanke hukunci cewa gida ɗaya ne, abin da ɓangaren Biyafara ke musu a kai ke nan. Abin lura kuma, a 1966, bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kalmar da ta cika titunan Arewa ita ce "araba", kuma a shekarar ce aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa. Shekara guda bayan haka harshen da ya yi kiran a raba shi ne ke waƙar a haɗa.

6.0 Komawa ga "Mu"

Sojan tarayya ba Hausawa zalla ba ne. Gowon Angas ne, Danjuma ɗan Takum ne, Shuwa daga Barno, Adekunle uba Bayarabe uwa Bacama, kuma Tibi da sauran mutanen tsakiyar Nijeriya sun cika sahu. Hausa harshen bariki ce. Don haka "mu" ɗin waƙoƙin wani lokaci soja ne, wani lokaci Arewa, wani lokaci Nijeriya, kuma mawaƙi yakan sauya daga wannan zuwa wancan a baiti guda.

Bahaushen Briqueterie na wancan zamani yana gefen wannan "mu" ta hanya mai sarƙaƙiya. Shugabansa Ahmadu Ahidjo ya tsaya tare da Gowon, ya ƙi bari a yi amfani da Kamaru wajen taimakon Biyafara, alhali Faransa ta De Gaulle da Gabon maƙwabciya suna ɗaya gefen. Ahidjo yana cikin kwamitin shugabanni shida da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa kan rikicin a 1967, tare da Diori Hamani na Nijar. A lokacin nan kuma Kamaru tana da nata yaƙin da mayaƙan UPC, wanda ya ɗauki ran Ruben Um Nyobè a 1958. An harbe Ernest Ouandié a Bafoussam ranar 15 ga Janairu 1971, shekara guda cur da miƙa wuyan Effiong. Sai a 2025 shugaban Faransa Macron ya amsa a rubuce cewa ƙasarsa ta yi yaƙi a Kamaru. Kalmar "maquisard" a bakin mutanen Yawunde ta yi aikin da "ɗan tawaye" ta yi a Hausar Nijeriya, kuma tun rikicin yankunan masu magana da Ingilishi da ya rikiɗe zuwa faɗa a 2017, "'yan aware" ta zama kalmar labaran yau da kullum. Ɗalibin da ke zaune cikin wannan ba zai ji zambon 1968 a matsayin tsohon abu ba.

Ta fuskar aiki, duk wanda zai juyi ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙi daga kaset ko waya zuwa takarda, ya fara da ƙoƙarin gano lokacin da aka yi ta. Sunayen garuruwan da ke ciki za su taimaka: waƙar da ta ambaci Fatakwal a hannun tarayya ba ta riga Mayun 1968 ba, wadda kuma ta sa Obasanjo a kan Runduna ta Uku ba ta riga Mayun 1969 ba, watan da aka sauke Adekunle. Bayan haka sai ya ja layi ƙarƙashin kowane "mu" da kowane "aka", ya rubuta a gefen takarda wanda ake nufi.