Rai Kan Ga Rai: Sharhi a kan Siffanta Saduwa Bayan Annoba

I

Annobar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekarar 2019, ta zo wa mutane da dokar da ba su saba da ita ba, watau kowa ya ba ɗan'uwansa tazara, a bar musafaha, a bar taro. Da cutar ta lafa, sai marubuta da masu ɗaukar hoto na ƙasashe da yawa suka shiga neman siffar da za ta tsaya a madadin ranar komawa ga juna, siffar da ta rinjaya kuwa ita ce runguma. A Ingila har rana aka yanka mata. Gwamnati ta ce daga ran 17 ga Mayu 2021 mutum yana iya rungumar danginsa da abokansa, jaridu suka cika da hotunan jikoki a ƙirjin kakanninsu.

Nufin wannan takarda shi ne a auna ayyuka uku waɗanda suka siffanta saduwa bayan doguwar rabuwa, biyu baƙi, ɗaya na gida, don a ga inda nauyin ko wannensu ya ke, a kuma ga abin da ya kamata marubucin Hausa ya ara da abin da ya kamata ya bari. Al'amarin ba ƙarami ba ne. Yaran da aka rufe wa makarantu a 2020 su ne yau ke zaune gaban malamai a kwalejoji, su ne kuwa za su rubuta labarin wannan zamani. In suka rubuta shi da idon aro, abin da ya auku a Kano da Katsina da Damagaram zai ɓace, sai a sami labarin Landan da sunayen Hausawa.

II

Aiki na fari hoto ne. Mads Nissen, mutumin Danmak, ya ɗauke shi ran 5 ga Agusta 2020 a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Sawo Paulo na ƙasar Birazil, ya kuma ci gasar World Press Photo ta 2021 da shi. Sunan da aka ba hoton ma'anarsa runguma ta farko. A cikinsa wata tsohuwa mai shekara 85, wadda ta yi wata biyar ba wanda ya rungume ta, tana cikin hannuwan ma'aikaciyar jinya, amma tsakaninsu akwai labulen leda mai hannuwa, wanda aka yi musamman don a taɓa juna ba tare da jiki ya haɗu ba. Bakin ledar rawaya ne, ya lanƙwashe gefe da gefe har ya yi kama da fukafukan malam-buɗe-littafi.

Ƙarfin hoton nan yana ga ledar. Mai ɗaukarsa bai ɓoye shingen ba, ya sa shi a tsakiya, sabo da haka mai kallo yana ganin marmari da tsoro a wuri guda. Har wa yau wadda ta rungumi tsohuwar ba 'yarta ba ce, ma'aikaciya ce. Wannan ya faɗi gaskiya mai ɗaci game da yadda tsufa ya ke a manyan birane, ko da mai hoton bai yi nufin faɗarta ba.

Rauninsa kuwa yana ga sunan da kuma fukafukan nan. Su biyun suna jan zuciya ta ɗauka wahala ta ƙare, an fita. Alhali kwana uku bayan ɗaukar hoton waɗanda cutar ta kashe a Birazil suka haura 100,000, kafin a gama kuwa sai da suka haura 700,000. Hoto ƙiftawar ido ɗaya ya ke kamawa, ba shi da hanyar nuna wanda ya tsaya a bayan labule ba wanda ya zo wurinsa. Wannan iyakar sana'ar ce, ba laifin mai ita ba. Amma marubucin da ya kwaikwayi hoto, ya tsai da labarinsa a kan runguma, ya ɗaukar wa kansa iyakar da alƙalami ba shi da ita.

III

Aiki na biyu shi ne littafin Albert Camus mai suna La Peste, watau Annoba, wanda ya fito a Faransa a 1947, mutane kuma suka koma masa da karatu ƙwarai a 2020. Labarin birnin Wahran ne na Aljeriya, wanda aka rufe ƙofofinsa sabo da annoba, ba shiga ba fita, har wajen wata goma. Tun daga farko Camus ya nuna cewa rabuwa ita ce babbar azabar mutanen garin, har ta kai waɗansu sun fara mance kamannin waɗanda su ke bege.

A ƙarshen littafin aka buɗe ƙofofi a watan Fabrairu, jirgin ƙasa ya iso tasha. Nan mu ke ganin Rambert, ɗan jarida wanda rufewar ta rutsa da shi a garin da ba nasa ba. Da fari ya yi ta neman hanyar gudu ya koma wurin matar da ya ke so, daga baya ya fasa, ya zauna yana taimakon masu jinya. Ga ta ta sauko ta faɗa hannunsa, shi kuwa yana hawaye, bai san ko na murna ba ne ko na baƙin cikin da ya daɗe yana dannewa. Ya so a ce shi ne mutumin nan na farkon annoba, amma watannin sun sāke shi. A wannan tasha kuma akwai waɗanda suka sauko ba su tarar da kowa ba, suka kama hanyar gida su kaɗai. Likita Rieux, wanda ya fi kowa wahala a kan marasa lafiya, ba shi da wanda zai tara, gama matarsa ta rasu a can inda ta tafi jinya, amininsa Tarrou kuma cutar ta ɗauke shi a kwanakinta na ƙarshe.

A nan alƙalami ya yi abin da hoto ya kasa. Camus ya sa runguma da rashinta a dandali guda, ya kuma nuna cewa wanda aka rabu da shi ba shi a ke tararwa daidai ba. Wannan darasi ne da ya cancanci aro. Amma littafin yana da giɓi wanda masu sharhi irin su Conor Cruise O'Brien da Edward Said suka daɗe da nunawa. Wahran gari ne mai Larabawa da yawa a ƙarƙashin mulkin Faransa, Rambert ma binciken zamansu ya kawo shi, duk da haka ba Balarabe ko ɗaya mai suna da murya a cikin labarin. Ba mu ga yadda suka yi makoki ba, ba mu ga yadda suka gaisa ran da aka buɗe gari ba. Mai karatu Bahaushe ya kamata ya lura da wannan, don irin gaisuwar da aka bari a waje ta fi kusa da tasa.

IV

To, mece ce gaisuwar Bahaushe, kuma me annoba ta yanke daga cikinta? Runguma ba baƙuwa ba ce ɗungum. Yara su kan ruga da oyoyo su maƙale wanda ya dawo, mata 'yan'uwa su kan rungumi juna in an daɗe ba a gamu ba, haka kuma a kan yi wa alhaji ran da ya sauka. Amma ba ita ce gaisuwar yau da kullum ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda a ke karantawa a zaurukan ƙasar nan tun kaka da kakanni, ta yaba musafaha, ta kuma ambata cewa Imamu Malik ya karhanta runguma, Sufyanu ɗan Uyaina kuwa ya halatta ta. Masu sharhi sun kawo cewa hujjar Sufyanu ita ce yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tari Ja'afar ɗan Abi Ɗalib sa'ad da ya komo daga Habasha a shekara ta 7 bayan Hijira. Watau ko a wurin mai halattawa, asalin hujjar tarar matafiyi ce wanda ya daɗe.

Al'ada kuma ta ƙara nata. Yaro ya kan tuɓe takalmi ya durƙusa nesa kaɗan da babba. Talaka ya kan yi jinjina ga sarki daga inda ya ke. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta ko kiran sunansa, balle ta rungume shi gaban mutane, suruki kuma ba ya sakewa gaban surukinsa. A nan tazara kanta alamar girmamawa ce, har wani lokaci alamar ƙauna. Nauyin gaisuwa yana ga baki: a tambayi kwana, da gajiya, da gida, da iyali, da aiki, ɗaya bayan ɗaya, ko wace tambaya da amsarta. Tsakanin tsara kuwa a miƙa hannu, sa'an nan a mai da shi ga ƙirji.

Sabo da haka wuƙar annoba ba a wuri ɗaya ta sari Bature da Bahaushe ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, ƙafar kuwa aka ɗaure. An sami mai cutar na farko a Kano ran 11 ga Afrilu 2020, cikin 'yan kwanaki aka hana fita, aka kuma rufe hanyoyi tsakanin jihohi har zuwa farkon Yuli. Azumi ya kama cikin wannan hali. A makonnin nan dattawan Kano suka yi ta rasuwa, har Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ba da labari a watan Yuni cewa an bincika mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa ne cutar ce sanadinsu. Wanda ke Kaduna ko Legas ya ji rasuwar kawunsa, ba halin ya zo jana'iza, ba halin zaman makoki, sai ta'aziyya ta waya. Ba a yi hawan Salla a Kano a shekarar ba. Maniyyata daga ƙasashen waje ba su sami zuwa Hajji ba a 2020 da 2021, sai a 2022. A Masallacin Harami kuwa an yi ta salla da tazara tsakanin mutum da mutum har ran 17 ga Oktoba 2021, sa'ad da sahu ya sāke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa.

Gaskiya kuma ita ce mutane da yawa a kasuwanni da ƙauyuka ba su bar musafaha ba ko kwana ɗaya, waɗansu ma ba su yarda akwai cutar ba. Ba wata rana da aka yanka aka ce yau an koma gaisawa. Akwai kuma almajiran da gwamnonin Arewa suka kwasa a motoci a watannin Afrilu da Mayu 2020 aka mai da su jihohinsu, su annobar ce ma ta sada su da gida, ta hanyar da ba su zaɓa ba. Marubucin da ya share duk wannan, ya zana mana taron runguma a Ƙofar Mata, bai faɗi abin da ya faru ba.

V

Aiki na uku shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan da gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar. Ba labarin annoba ba ne, labarin bauta ne, amma ba mu da littafin da ya fi shi sanin rabuwa. An sace Umar yana yaro, ya tashi a Masar a hannun Abdulkarim, ya zama malami. Uwarsa ta bar gida ta bi sawunsa, aka yaudare ta, ita ma ta faɗa bauta. Sai a shafuffukan ƙarshe suka sadu can arewacin hamada, ba ta daɗe ba kuwa ta rasu.

Abin lura shi ne yadda marubucin ya raba awonsa. Shekarun nema ya ba su fili mai yawa, saduwar kuwa bai tsawaita ta ba, ga mutuwa a bayanta nan da nan. Kuma duk labarin daga bakin Umar ya ke fitowa, yana dattijo a Rauta, yana ba almajiransa, da muryar wanda ya riga ya haƙura. Wani zai ce wannan sanyi ne, an tauye wa mai karatu hakkinsa na murna. Lalle akwai wuraren da littafin ya yi sauri fiye da kima, har mutum ya so a dakata kaɗan. Amma a wannan wuri taƙaitawar ita ce ta ba abin nauyi, gama mai karatu ya riga ya bi matar nan cikin hamada, ya san kuɗin da ta biya, ba ya bukatar a ƙirga masa hawaye. Balewa da Camus ba su san juna ba, duk da haka sun taru a kan abu ɗaya: ba su yarda saduwa ta share hasarar da ta gabace ta ba. Inda Balewa ya fi amfani a gare mu shi ne ya yi haka da kara da kawaici irin na mutanen da ya ke rubutawa a kansu.

VI

Abin da ya rage ga malamai shi ne su nuna wa ɗalibai cewa kayan aikin suna nan cikin harshe. Ko kalmar da aka fassara dokar da ita abin nazari ce a aji: ba da tazara ta fi nisantar juna dacewa, don ta biyun tana da ƙanshin gaba, gaba kuwa babban aibi ce a wurin Bahaushe. Haka nan gaisuwa guda tana iya ɗaukar labari duka. Mutum ya komo Kano bayan an buɗe hanya, ya durƙusa gaban gwaggonsa, ya fara jero tambayoyi yadda aka saba, har ya iso kan mai gidan da a da a kan tambaya, ya tsaya, ya sāke ta da ya haƙuri. Ita kuma ta ce haƙuri sai ma'aiki, ta tambaye shi hanya. Ba wanda ya taɓa wani, amma wanda ya san harshen ya ji duk abin da ya wuce tsakaninsu.

Ɗalibin da aka ba wannan batu ya rubuta a kai, a tambaye shi abu uku: wa ya zo, wa ba a tarar ba, kuma da wace kalma aka fara. In ya amsa su daga abin da ya gani a gidansu da unguwarsu, ko da runguma ko babu, rubutunsa zai zama shaida ga na baya. Hausawa in sun gamu bayan an fid da tsammani su kan ce rai kan ga rai, maganar kuwa ta ƙunshi sanin cewa akwai rayukan da ba su kai ga ganin ba.