Jinjina ga Masu Walda na Nguru da Gashuwa

A Japan da Amurka ana faɗaɗa bodin motar tsere, a sa mata faffaɗan wili don ƙawa. Masu walda da kanikawan Nguru da Gashuwa su ma suna wannan aiki, amma don rufin asirin jama'a. Tsohuwar Land Cruiser za ta shigo gareji, su ƙara mata sifirin, su buɗa bakin madigadi, su ɗaura taya mai faɗi, domin siririyar taya nutsewa take a rairayin Yusufari da Machina. Masu cewa hakan na jawo lodi fiye da kima ba su yi ƙarya ba, sai dai laifin mai lodi ne, kuma dole gero da awaki su iso kasuwa. Gwamnatin Yobe, a taimaka musu da wuta da kayan aiki.