Jinjina Ga Masu Loda Bayanai

Haƙiƙa akwai wasu bayin Allah da suka cancanci jinjina, waɗanda ba a sanin darajar aikinsu sai ranar da manhaja ta manta da masu amfani da ita, wato ma'aikatan da ke zaune gaban baƙin allon kwamfuta suna loda dubban bayanai cikin rumbu irin na Redis, wanda Salvatore Sanfilippo, mutumin Italiya, ya ƙaga a 2009, inda kowane bayani ke rataye da mabuɗinsa.

Shi umarnin lodin gajere ne, redis-cli --pipe, amma wahalar tana gabaninsa, domin akan tsara fayil bisa ƙa'idar rumbun, a ƙidaya tsawon kowace kalma da bayit, alhali kuwa harafin ƙ ko ɗ bayit 2 yake ci a tsarin UTF-8, wanda duk ya lissafa shi ɗaya ya ɓata aikin. Sa'an nan idan mabuɗi ya maimaitu, umarnin SET yakan shafe na farko ba tare da gargaɗi ba. Shi ya sa, don tsare amana, suke yin muƙabala kamar malaman da ke kwafar littattafai a da, suna gwada adadin mabuɗan da suka shiga da abin da suka aika kafin su tashi.