Tsokaci a kan Haɗin Ƙarfe da Itace a Ƙaramar Bindigar Toka

Manufar wannan takarda ita ce a duba ma'aunin da ake auna kyawun bindigar toka da shi, musamman ƙaramar nan ta hannu wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Mafi yawan masu yabon irin wannan bindiga adonta suke yabo, wato ƙusoshin tagulla da jar fata da layun da aka ɗaura mata. A ganinmu wannan ma'auni ya kauce. Inda gwanintar take shi ne wurin da ƙarfe ya sadu da itace.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa an kawo ta a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), kuma Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya yi bayani mai gamsarwa game da cinikin bindigogi da tasirinsu a kan mulki. Amma hankalin masana tarihi ya fi karkata ga hanyar da bindiga ta biyo da yaƙin da aka yi da ita. Hannun da ya haɗa ta, ko ya sake mata ƙota bayan ta karye, bai sami irin wannan kulawa ba.

Ga yadda aikin yake a wurin gwanaye, ko a Birmingham ta Ingila, inda aka ƙera ɗimbin bindigogin da aka sayar a gaɓar Afirka ta Yamma, ko a wani wuri. Bututun ake fara kwantarwa a cikin ƙota, domin shi ne sauran ƙarafa ke bi. Sai a shafa masa kunkunniyar fitila, a danna shi a gurbinsa, a ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa itace, nan ne ya yi tudu, sai a kankare shi kaɗan. Haka za a yi ta maimaitawa har ƙarfen ya zauna daram. Daga nan sai farantin da ke ɗauke da kunama, wanda tilas ya daidaita da kafar da wuta ke bi ta kai ga albarushi. In ya goce ko da kaɗan, bindiga ta ƙi tashi. In kuwa aka bar rata tsakaninsa da bututu, albarushi ya riƙa zuba ciki, wata rana ya kama wuta ya farfasa ƙotar a hannun mai harbi.

Ƙaramar bindiga ta fi doguwa wuyar sha'ani ta nan. Mariƙinta a lanƙwashe yake, saboda haka dole masassaƙi ya zaɓi itacen da jijiyarsa ta bi lanƙwasar, in ba haka ba nan zai tsage. Bugu da ƙari, naushin da bindiga ke yi da baya in ta tashi, gindin bututu ne ya kamata ya sauke shi a kan itace sosai. Idan aka bar ƙusa guda ta ɗauki wannan nauyi, ita ce za ta zama gatarin da zai raba ƙotar biyu. Hular tagullar da Turawa ke sa wa ƙarshen mariƙi ma ba don ado kawai ba ce, tana kare bakin itacen daga tsagewa.

Da wannan ma'auni, da yawa daga cikin bindigogin da ake gani a hannun mafarauta da 'yan bindigar hawan salla ba su cika ba. Za ka tarar an fafe gurbi ya fi ƙarfen faɗi, an cike ratar da tsumma ko ƙaro, an naɗe da waya ko roba, sannan an rufe aibin da fata. Sau da yawa ɗanyen itace ne, wanda hunturu na busawa sai ya tsuke, ƙarafa su yi ta girgiɗi. Ba a banza aka yi wa irinta laƙabi da harba-ka-ruga ba. Duk da haka bai dace a ɗora wa maƙeri laifin duka ba. Aikin na mutum biyu ne, maƙeri da masassaƙi, kuma mai saye arha yake nema, alhali arha ba ta ado.

Abin da ya rage ga masu nazarin harshe da al'adu shi ne su zauna da tsofaffin maƙera da masassaƙa, su rubuta sunan kowane ƙarfe da kowane gurbi da kowane mataki na wannan haɗi, kamar yadda Philip Jaggar ya zauna da maƙeran birnin Kano. Haka kuma masu kula da gidajen tarihi, in za su bayyana bindiga, su faɗi yadda ƙarfenta ya zauna a itace kafin su ƙirga ƙusoshin adonta.