Gammo Kafin Bindiga

Wani abokina malamin makaranta a Tamale ya ce labarin tsohon soja ba tarihi ba ne, shaci-faɗi ne na mai jiran fansho. Wai in ana son sanin yaƙin Bama a buɗe littafin Bature, ko a kalli fim. Fim dai ba na raina shi, shi ya jawo ni cikin harkar. Muna yara a Zango mun kalli Rambo da Commando a gidan bidiyo har muka haddace, sai The Bridge on the River Kwai na 1957 ya sa na fara tambayar ina ne Bama ɗin nan. Ashe amsar tana bakin layinmu, kan benci: wani tsoho mai gadi da muke gaisarwa kullum ya je can da ƙafarsa. A fim ɗin kuwa ban ga mai kama da shi ba.

Asalin sojan da tsohon ya shiga sananne ne. Wani Bature, Glover, ya ɗebi Hausawa aikin soja a Legas a 1863, suka shigo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, aka kafa 'yan sandan Gold Coast (Ghana ta yau) masu ɗaukar makami a 1879, suka zama rundunar soja a 1901. Sunan Hausa ya bi kakin, ko da mai sanye da shi Bagurunshe ne, ko Bamoshe, ko Badagombe. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harbi a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo ya yi shi cikin Agustan 1914. Barikin Kamina na Tamale ma sunan tashar wayar iska ta Jamusawa ya ci, wadda aka je kamawa a wannan fitar.

Abin da abokina bai lura da shi ba shi ne yadda ake gina labarin. Fim daga bakin bindiga yake farawa. Tsohon soja daga gammo yake farawa. Sau nawa muka ce, "Baba, ba mu labarin harbi," ya ce, "Yaro, tsaya mu iso tukuna." Sai ya naɗe tsumma a hannu ya ɗora a ka, ya gwada yadda akwatin harsashi ke zama, yadda wuya ke sandarewa a hawan dutse, yadda ake sauke kaya ba a bari ya yi ƙara ba. Ya kan ci rabin dare a kan ruwa kaɗai: wanda aka sha, wanda aka ƙetare, wanda ya jiƙa ashana. Matsattsaku a ƙwauri, da sigarin da ake ƙona shi da ita. Idan an zo wurin arangama da Japanawa, jimla biyu ce ko uku, ya yi shiru, ya koma kan wanda zai ɗauki kayan mamaci.

Muna yara mun ɗauka rowa ce yake mana. Sai da na girma na karanta na gane tsarin labarin shi ne tsarin yaƙin. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga kwarin Kaladan na Bama a ƙarshen 1943, a ka take ɗaukar kayanta cikin dajin da mota ba ta shiga, abinci kuma jirgin sama ke jefo shi da laima. Kafin a kai ga yaƙin Myohaung a Janairun 1945, wanda sojan Ghana ke tunawa da shi duk shekara, tafiya aka sha wata da watanni. Mai ba da minti hamsin ga kaya, minti ɗaya ga harsashi, ya fi mai fim auna gaskiya. Wannan kuwa salon fatake ne tsantsa, na jikokin masu safarar goro tsakanin Salaga da Kano: tafiya ana lissafa ta da zango da nauyi.

To akwai ƙari, na sani. Macijin kan ƙara tsawo duk shekara. Amma runduna ta 81, wadda tambarinta gizo-gizo ne, Ananse na Asante, Gizonmu na tatsuniya, ba za a hana 'ya'yanta ɗan gishiri ba. Rambo da ya karkashe bataliya shi kaɗai, wa ya ce da shi maƙaryaci?

Ni abin da ya fi damuna shi ne harshen. Hausar bariki ce, wadda Kanawa ke wa dariya don tana cewa "mace ya zo". Da ita aka yi fareti, da ita sajan ya yi tsawa, da ita Bafrafre ya roƙi Badagarti ruwa a yankin Arakan na Bama. Taken rundunar Gold Coast ma da ita aka rubuta shi: Kullum Shiri. Rahoton hafsoshi da Turanci yake, yana adane. Abin da mai gammo ya gani da wannan Hausar aka faɗe shi, a kan benci, ga yaran da suka ƙosa a zo wurin harbi. Tsohon namu ya rasu ban taɓa kai masa rikoda ba.