Likita Stockmann da Hukuncin Masu Rinjaye

Wasannin da Malam Aminu Kano ya shirya yana saurayi sun ɗora wa masu kallo aiki mai sauƙi. Azzalumin basarake ne ko ma'aikacin En'e, wanda ba talaka ne ya naɗa shi ba, saboda haka ba wuya a san gefen da za a tsaya. Wuyar tana zuwa ne sa'ad da mai ikon ya zama jama'a da kansu.

Wannan ita ce matsalar wasan da Henrik Ibsen ya wallafa a 1882, wanda sunansa ke nufin maƙiyin jama'a. Likita Stockmann ya gane ƙazantar majema ta ɓata ruwan wanka da garinsu ke ci da shi. Ya faɗa, aka tara mutane, aka jefa ƙuri'a, aka ce shi ne maƙiyi. A kan ruwa lalle gaskiya tasa ce, domin ƙuri'a ba ta tsarkake rijiya. Amma fa daga nan sai ya zarce, ya ce masu rinjaye ba su taɓa yin daidai, har ya kwatanta talakawa da karnukan banza. A ganina nan wasan ya yi rauni, gama Ibsen ya bar likitan ya mai da sanin abu guda hujjar raina mutane duka. Sokratis, wanda alƙalan Atina wajen ɗari biyar suka yanke wa kisa a 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙi yin shiru, ya kuma ƙi gudu da aka buɗe masa hanya. Bai yarda da hukuncin ba, amma bai hana wa birnin ikon yanke shi ba.

Malamin da ke koyar da wasan a Birnin Kudu ko Gwaram yana da misali kusa. A 1980 PRP ta dare biyu, Taɓo da Santsi, bayan gwamnoninta, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, sun ƙi bin umurnin jam'iyya na ƙaurace wa taron gwamnonin 'yan gaba-dai. Sule Lamiɗo, wakilin Birnin Kudu a Majalisar Tarayya, ya bi Santsi. A wannan karon Malam Aminu ne ke riƙe da iko. A Yunin 1981 kuwa majalisar Kaduna, mai rinjayen NPN, ta tsige Balarabe, wanda shi ma ƙuri'a ce ta kawo shi. Nan rinjaye biyu ne suka kara, abin da Ibsen bai ko hango ba, tun da ya ba likitansa ruwa mai guba da za a iya aunawa a kwalba.